Kogin da ke Gangarowa daga Dutse: Yadda Za Ka Gane Ƙaruwar Ruwa, Ka Tsare Iyalinka

Idan gidanku ko gonarku na kusa da wani rafi da ke gangarowa daga tsaunukan Jos, wataƙila ka taɓa ganin wannan: da safe ka tsallaka ruwa iya idon sawu, da la'asar ka dawo ka tarar ya kai ƙirji, alhali ko ɗigon ruwan sama bai sauka a garinku ba. Haka kogin dutse yake. Wannan bayani zai nuna maka yadda ake auna ƙaruwar ruwan, alamomin haɗari, abin yi idan ruwa ya ci mutum, da cututtukan da ke biyo baya.

Me ya sa kogin dutse ya fi haɗari?

Tudun Jos ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku, duwatsun Shere kuwa sun haura mita 1,800. Daga nan Kogin Kaduna da Kogin Gongola suka samo asali. Ruwan saman da ya sauka a kan dutse ba ya samun ƙasar da za ta shanye shi sosai, sai ya taru a kwazazzabai ya gangaro gaba ɗaya. Shi ya sa ruwan da aka yi a can sama zai iya iso maka cikin ɗan lokaci, rana na haskawa a inda kake. A watan Yulin 2012, bayan wani mamakon ruwan sama, ambaliya ta afka wa wasu unguwannin Jos da ke bakin rafi, aka rasa rayuka da dama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Yadda ake auna ruwan kogi

Ma'aikatan ruwa suna kafa doguwar sanda mai lambobi a jikin gada ko a bakin kogi, suna karanta inda ruwa ya kai a kai a kai. A wasu tashoshin na'ura ce ke yin aikin, ta aika da sakamakon kai tsaye. A Najeriya hukumar NIHSA ce ke sa ido kan koguna, tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara, hukumar NiMet kuma tana hasashen ruwan sama.

Amma zurfi kaɗai ba ya faɗin ƙarfin kogi. Ana haɗa abu uku: faɗi, zurfi, da gudun ruwa. Ɗauki rafi mai faɗin mita 10, zurfin rabin mita, yana tafiyar rabin mita a daƙiƙa. Lita 2,500 ke wucewa a kowace daƙiƙa. Idan zurfin ya kai mita ɗaya da rabi, gudun ya kai mita 2 a daƙiƙa, lita 30,000 ke nan. Zurfin ya ninka sau 3 ne kawai, amma ruwan ya ninka sau 12. Ka tuna kuma kowace lita tana da nauyin kilo ɗaya. Bayan haka, idan gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfin da yake tura ƙafarka da shi yakan ninka huɗu.

Saboda haka ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, zai iya kayar da babban mutum. Santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa na iya tafiya da yawancin motoci.

Ma'aunin da za ku iya yi da kanku

Ba kowane rafi ke da tashar gwamnati ba. Ku haɗu da mai unguwa ku shafa fenti kala uku a ginshiƙin gada ko a jikin wani dutse da ba ya motsi: kore inda ake ƙetarewa lafiya, ruwan ɗorawa inda yara da tsofaffi za su dakata, ja inda ba wanda zai shiga. Dattawan da suka daɗe da kogin su suka fi sanin inda ya kamata kowace alama ta tsaya. Ku karɓi lambar wayar wani a ƙauyen da ke sama da ku, domin ya sanar da ku da zarar an yi ruwa mai ƙarfi a can.

Kafin ka ƙetare, jefa kara a ruwan ka bi shi ta gefe. Idan ya fi ka sauri kana tafiyarka ta yau da kullum, kada ka shiga. Ka kuma lura da waɗannan:

- Ruwan ya sauya launi farat ɗaya ya koma ja ko ruwan ƙasa.
- Itatuwa, ciyayi da kumfa suna biyo shi.
- Kana jin rugugi daga sama, ko ƙarar duwatsu na gugar juna a ƙarƙashi.
- Dutsen da ka gani a waje ɗazu ya nutse.
- Hadari ya haɗu a kan tsaunin.

Ko ɗaya daga ciki ka gani, fita ka hau tudu. Kada ka tsaya kwashe wanki. Kada ka ƙetare da dare, ko da goyo, ko da kaya ɗaure a jiki. Ɗan acaɓa ko direba ya ce ya saba wucewa, ka sauka, gara ka kwana a wannan gaɓar.

Su wa suka fi shiga haɗari?

Ƙananan yara suna nutsewa shiru, babu ihu babu fantsama ruwa, cikin 'yan mintuna. Kada a bar wa yaro tsaron ƙaninsa a bakin rafi. Mai farfaɗiya kada ya je wanka, wanki ko ɗebo ruwa shi kaɗai, ko da yana shan magani. Haka mai ciwon zuciya, mai ciwon suga da sugansa ke yawan faɗuwa, da wanda ya sha maganin da ke sa barci. Masu zuwa yawon buɗe ido a magangarar ruwa irin ta Assop, kusa da Hawan Kibo, su kiyayi santsin duwatsu. Tsofaffin ramukan haƙar kuza da suka cika da ruwa su ma suna da zurfi da gaɓa mai tsayi, ba wurin iyo ba ne.

Idan ruwa ya ci mutum

Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Idan ka faɗa ba ka da horo, kai zai kama, a rasa mutum biyu. Yi kururuwa a kawo ɗauki, a kira 112 idan akwai waya. Kwanta a gaɓa ka miƙa masa gora ko doguwar sanda, ko ka jefa igiya ko jarkar da babu komai a ciki, a rufe da murfinta.

Bayan an fito da shi:

1. Kwantar da shi rigingine, ka ɗaga haɓarsa, ka duba numfashi na daƙiƙa 10.
2. Idan ba ya numfashi, toshe hancinsa ka hura masa iska a baki sau 5, kana kallon ƙirjinsa na ɗagawa.
3. Danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 30, da saurin 100 zuwa 120 a minti, sai hura iska sau 2. Ci gaba da haka har ya fara numfashi ko ma'aikatan lafiya su karɓa.
4. Idan yana numfashi, juya shi ya kwanta a gefe, cire jiƙaƙƙun kaya, ka lulluɓe shi.

Kada ka danna masa ciki ko ka riƙe shi kai a ƙasa don a fitar da ruwa. Hakan ɓata lokaci ne, kuma yana iya jawo amai ya shiga huhu. Abin da ke kashewa shi ne rashin iska a ƙwaƙwalwa. Ko ya farfaɗo ya ce lafiya lau, a kai shi asibiti, domin matsalar huhu na iya bayyana bayan wasu sa'o'i. Tari, haki, ciwon ƙirji, ruɗewa ko yawan barci alamu ne na gaggawa.

Ruwan sha bayan kogi ya cika

Ambaliya na kwaso bayan gida da shara ta zuba a rafi da rijiya. Daga nan kwalara, taifot da ciwon hanta nau'in A da E ke yaɗuwa, nau'in E kuwa yana da tsanani ga masu juna biyu. Ruwa ya yi garau ba shi ne tsabta ba. Bar shi ya kwanta, tace da kyalle mai tsabta, sannan a dafa shi ya tafasa sosai na minti ɗaya. Idan maganin kulorin za a sa, a bi umarnin da ke jikinsa, a jira minti 30. Alam yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta.

Wanda ya fara gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. Idan babu na leda, a haɗa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita ɗaya ta dafaffen ruwa. Gudawa kamar ruwan shinkafa, faɗawar ido, ƙin shan nono ko ɗaukewar fitsari, a garzaya asibiti.

Akwai cututtuka biyu kuma da ke tafiya da yanayin ruwan. Inda yake gudu a kan duwatsu ne baƙin ƙudan da ke yaɗa makantar bakin kogi ke hayayyafa. Idan ana rabon maganin Mectizan a yankinku, kada ka bari ya wuce ka, sai dai masu ciki da ƙananan yara ba sa sha. Inda ruwan ya kwanta da rani kuma, nan ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da tsargiya suke. Yaron da ke fitsarin jini yana bukatar gwaji da magani, ba alamar balaga ba ce.

Tun kafin damina ta kankama, ku je bakin rafinku da yaranku, ku nuna musu alamar ja da hanyar da za su bi su hau tudu. Ku ajiye igiya da jarka a gidan da ya fi kusa da mashigi, kowa ya san inda suke.