Lif Ko Kwayil: Wane Sifirin Ne Ya Dace Da Motar Fadamar Haɗejiya?

Hanyoyin da ke barin kwalta su nausa cikin fadamar Haɗejiya, ta wajen Auyo, Kirikasamma ko Guri, fuska uku suke nuna wa mota a shekara ɗaya. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da kogi ya cika ya tumbatsa, taɓo ne mai santsi da riƙe taya. Ruwa na janyewa sai laka ta bushe da sawun shanu da na tarakta a jikinta, ta yi tauri ta daddare, ta zama gargada mai kwance noti. A kan tudu kuma rairayi ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ma lissafin ya ƙara rikicewa, domin ruwan da ake saki da rani ya ba ciyawar kacalla damar toshe rassan kogin, ruwa ya riƙa malala inda a da ba ya zuwa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mai ƙaramar mota mai jan taya huɗu, irin su Suzuki Samurai ko tsohuwar Jimny, ya fara tunanin cire mata sifirin falle-falle, wanda kanikawa ke kira lif, ya sa mata naɗaɗɗen sifirin, wato kwayil, don ta yi laushi ta kuma fi iya ratsa ramuka. Ra'ayina shi ne wannan aiki yana da amfani na gaske, amma ga motoci ƙalilan, kuma mafi yawan motocin da ake neman abinci da su a wannan yanki za su yi asara ne idan aka yi musu shi.

Dalilin farko yana cikin aikin da lif yake yi, wanda ya wuce abin da ido ke gani. Fallayen ƙarfe ne da aka jera, dogo a sama gajeru a ƙasa, aka ɗaure tsakiyarsu a jikin aksil, aka maƙala kawunansu biyu a jikin casis. Ɗaukar nauyi ɗaya ne kawai daga cikin ayyukansa. Shi ne ke riƙe aksil kada ya zame gaba ko baya idan an taka birki, shi ne ke hana shi gocewa dama ko hagu a kwana, shi ne kuma ke hana shi juyawa idan inji ya murɗa tayoyi. Ban da haka, yana raba nauyin kaya wuri biyu masu nisa da juna a kowane gefen casis. Ban da ɗaukar nauyi, kwayil ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yana matsewa yana buɗewa, shi ke nan. Wanda ya cire lif ya cire duk abin da ke riƙe da aksil, kuma dole ya ƙera sababbin ƙarafa da za su karɓi wannan aiki: dogayen hannuwa daga aksil zuwa casis, sanda mai gicciye da ke hana gocewa gefe, mazaunin kwayil sama da ƙasa, da sabon mazaunin shokazoba. Wannan sake ƙera ƙasan mota ne gaba ɗaya.

Ba na musun abin da kwayil ke bayarwa, domin kamfanonin ƙera motoci da kansu sun bi wannan hanya. Fallayen lif suna gogar juna, kuma idan laka da tsatsa suka shiga tsakaninsu, kamar yadda kan faru ga duk motar da ke ratsa ruwan fadama, sai su ƙi motsi har sai an daki rami babba, ƙananan gargada kuwa su wuce kai tsaye zuwa ƙugun direba. Kwayil ba shi da wannan gogayya, kuma yana barin taya ta sauka ƙasa sosai ta kuma hau sama sosai. Wannan yana da muhimmanci a inda hanya ta karkace, domin a irin waɗannan motoci, da zarar taya ɗaya ta rataye a iska, ƙarfin aksil ɗin kan tsere ta wurinta, mai taka ƙasa ta tsaya cik. Range Rover ta fito da kwayil tun 1970, Land Rover ta fara barin lif a 1983, Jeep Wrangler ta bi sahu a samfurin 1997, ita ma Suzuki ta sa wa Jimny kwayil a 1995, ta ci gaba da shi a sabon samfurin 1998. Sai dai kowane ɗayan waɗannan kamfanoni sabon casis ya zana ko ya sake fasalin tsohon, ya auna tsawon kowane hannu da kusurwarsa, ya gwada a fili kafin ya sayar. Abin da ya kai su ga nasara shi ne awon, kuma awon ne abin da ya fi wuyar samu a garejin bakin titi.

A nan ne haɗarin yake, kuma ya kamata a faɗe shi dalla-dalla. Aksil na gaba yana da wata 'yar karkata zuwa baya wadda ke sa sitiyari ya koma tsakiya da kansa bayan an sha kwana. Idan mai walda ya liƙa mazaunin hannuwa ya kauce da 'yan digiri kaɗan, wannan karkata ta ɓace, mota za ta riƙa yawo a kan kwalta, ko kuma tayoyin gaba su kama kakkarwa mai tsanani da zarar an daki rami cikin gudu. Sandar gicciye kuma dole ta kwanta daidai da sandar sitiyari, tsawonsu ya yi kusan ɗaya. In ba haka ba, duk lokacin da taya ta hau tudu, mota za ta karkata da kanta ba tare da direba ya murɗa komai ba. Tiyon birki da aka yi wa lif mai gajeren motsi zai iya tsinkewa ranar da kwayil ya saki aksil ya sauka ƙasa, furofela kuma za ta iya zarewa ko ta riƙa cin gabobinta. Sannan nauyin da lif ke rabawa wuri biyu yanzu ya taru wuri ɗaya a jikin casis ɗin da ya shekara talatin ko fiye yana shan ruwa da laka. Masu waldar Haɗejiya gwanaye ne wajen ɗinke ƙarfe, kuma injinan ban-ruwa da garmunan yankin shaida ne. Amma ƙarfin ɗinki daban, sanin inda za a ɗinka daban, kuma kuskuren ba ya bayyana a cikin fadama inda ake tafiya sannu. A kan kwalta yake fitowa, a hanyar Gujungu ranar kasuwa, mota cike da mutane.

Dalili na biyu shi ne kaya. Motar fadama ba ta tafiya wayam. Shinkafa ce, alkama, tattasai, albasa, taki, jarkokin mai, injin ban-ruwa, wani lokaci busasshen kifi zuwa kasuwar Haɗejiya. Lif mai fallaye da yawa, musamman mai fallen taimako a ƙasa, yana ƙara tauri yayin da nauyi ke ƙaruwa. Kwayil na yau da kullum taurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. A ɗauki misali da kwayil mai laushi wanda ke matsewa santimita 1 a kan kowane kilo 25. Idan aka ɗora buhu uku masu kilo 100 a baya, kowane kwayil ya karɓi kilo 150, bayan mota ya sauka santimita 6 ke nan tun ba a motsa ba, kuma rabin motsin da aka kashe kuɗi don a samu ya tafi. Idan aka ce a sa mai tauri don ya ɗauki kayan, laushin da ake nema ya tafi. Kamfanin Toyota ya fuskanci wannan tambaya a Land Cruiser mai aikin ƙarfi, kuma amsar da ya bayar a 1999 ita ce kwayil a gaba, lif a baya. Hilux har yau lif ne a bayanta. Mu ma mun ga wannan rabo a gida: Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, wagon ɗinta mai ɗaukar fasinja kwayil ne a baya, akori-kurarta kuwa lif.

Wani zai ce duk wannan gaskiya ne, amma matsalarsa kafewa ce a taɓo, kuma kwayil zai ɗaga masa mota. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Abin da ke fara zama a kan laka idan tayoyi suka faɗa sawun tarakta shi ne tulun da ke tsakiyar aksil, kuma tsayinsa daga ƙasa girman taya ne kaɗai ke ƙayyade shi. Ko an ɗaga jikin mota kamu guda, tulun yana nan inda yake. Gaskiya ne cewa a Samurai lif yana ƙarƙashin aksil, farantinsa da notocinsa suna kama ƙasa, kuma cire su zai rage abin da ke kartar hanya. Amma a shimfiɗaɗɗen taɓo irin na fadama, inda babu duwatsu kuma tayoyi huɗu duk suna ƙasa, abin da ke fitar da mota shi ne taya mai manyan haƙora, rage iska, da rashin nauyi. Samurai ba ta cika tan guda ba, kuma wannan rashin nauyi ya fi kowane irin sifirin amfani gare ta. Ɗaga ta kuwa yana da nasa farashi. Gajeriya ce, tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2 ne da 'yan kai, ga ta siririya. A 1988 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta ce motar tana saurin kifewa a kwana mai kaifi, Suzuki ta musanta ta kai ƙara, ba a sasanta ba sai 2004. Ko wane ne ke da gaskiya a wannan shari'a, motar da aka yi gardama a kanta tana yadda kamfani ya ƙera ta ne. Wanda ya ƙara mata tsayi da laushi, sannan ya ɗora buhu a rufinta ya hau gaɓar magudanar ruwa, ya ƙara kusantar da ita ga abin da ake tsoro.

Akwai kuma batun gyara a daji. Masu goyon bayan kwayil sukan ce ba kasafai yake karyewa ba, kuma haka ne. Amma abin da ke kewaye da shi yana lalacewa: bushin roba a kan kowane hannu, waɗanda rairayi da ruwa ke ci, da shokazoba wadda yanzu duk aikin kwantar da mota ya koma kanta. Motar lif mai mutacciyar shokazoba za ta lallaɓa ta isa gida. Motar kwayil a irin wannan hali tsalle za ta yi ta yi. Falle ɗaya na lif idan ya karye, sauran suna riƙe da aksil, a ɗaure da ƙarfe ko igiya a kai gari, a sami na wata mota a yanka a huda a mayar. Hannun da aka ƙera da hannu idan ya ɓalle, aksil ya koma baya ya daki jikin mota, kuma ba shi da lamba da za a aika Ƙofar Ruwa a Kano a sayo irinsa.

Hujja mafi ƙarfi a ɗaya ɓangaren, wadda nake ɗauka da muhimmanci, ita ce ta jikin ɗan'adam. Motar da ke ɗauko mai naƙuda ko wanda maciji ya sara daga ƙauyukan da ruwa ya yanke, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022, ba buhu take ɗauka ba, kuma kowace girgiza azaba ce. Haka motar ma'aikatan rigakafi, ko ta masu kula da dausayin Baturiya, waɗanda ke wuni a kan gargada da kaya kaɗan. Ga waɗannan, laushin kwayil ba ƙawa ba ne. Sai dai ko a nan, hanya mafi aminci ita ce a sayi motar da aka haifa da kwayil, kamar Jimny ta 1998 zuwa sama, domin idan aka haɗa kuɗin hannuwa, kwayil, shokazoba, tiyo, furofela da aikin gwani, tazarar da ke tsakanin gyara tsohuwa da sauya ta takan ragu ƙwarai. Wanda kuma ba shi da halin ko ɗaya, akwai matakai masu araha da ba a cika gwadawa ba. Yawancin lif ɗin da ake kuka da taurinsa, ko dai tsatsa ta haɗe shi, ko kuma an taɓa ƙara masa fallaye don lodi. A kwance shi a goge, a sa roba mai santsi tsakanin fallaye, a cire fallen da aka ƙara, a sauya bushi, a sa shokazoba mai kyau, a daina cika wa ƙaramar mota iskar taya irin ta babbar mota. Ana sassauta notin maratayan lif da aka ɗaure fiye da kima ma wani lokaci ake jin bambanci.

Idan duk da haka mai mota ya yanke shawarar yin aikin, to kada a ƙirƙiro awo da ka. A nemo gaban motar da kamfani ya ƙera da kwayil, aksil da hannuwa da mazauninsu gaba ɗaya, a kwafi tsawo da kusurwa kamar yadda suke. A fara da gaba, inda nauyin inji ba ya sauyawa, a bar lif a baya. A ƙarfafa casis da faranti a duk inda sabon nauyi zai sauka, bayan an ƙwanƙwasa an tabbatar tsatsa ba ta cinye shi ba. Kada a ɗaga motar fiye da yadda taya ke bukata. Kafin a ɗauki ko mutum ɗaya, a ɗaga ta a jek a saki aksil har ƙarshe a duba tiyon birki, a auna saitin tayoyin gaba da na'ura, sannan a gwada birki mai ƙarfi a fili, wayam da kuma da lodi. Jami'an duba lafiyar motoci da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa su ma suna da abin yi a nan, domin motar da aka sauya wa abin da ke riƙe da aksil ɗinta ta cancanci a leƙa ƙarƙashinta kafin a sabunta mata takarda, musamman idan haya za ta yi.