Zafin injin mota: yaushe yake zama aibi?

Masu mota da yawa kan tsorata idan allurar zafi ta kai tsakiya, alhali nan ne mazauninta. An ƙera injin ne ya yi aiki tsakanin digiri 90 da 105 a ma'aunin Salshiyas. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma na lagireto gauraye yake da sinadarin ethylene glycol, murfin kuma yana riƙe matsi, shi ya sa ba ya tafasa sai ya haura 120.

Matsalar ita ce allura ta shiga ja. Kan injin, wanda yawanci na alminiyum ne, yana iya lanƙwashewa, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Ka tsaya, ka kashe mota, kar ka buɗe lagireto da zafinsa.

To idan sabuwar mota ce, gyara kuma ya ƙi ci fa? A Amurka akwai dokokin da ke tilasta wa kamfani ya canza ta ko ya mayar da kuɗi. Jihar Connecticut ce ta fara a 1982. A Kalifoniya, idan cikin wata 18 ko mil 18,000 aka yi gyara huɗu kan matsala ɗaya ba ta warware ba, ko motar ta kwana fiye da 30 a gareji, ana ɗaukarta mai aibi. Hujjarka takardun gyara ne.

Irin waɗannan motocin ana sake sayar da su, a wasu jihohin da shaida a takardar mallaka. Kafin ka sayi motar da aka shigo da ita daga Amurka, bincika tarihinta da lambar VIN.