Wasan Karta a Baƙin Allo: Yadda Blackjack Ke Koyar da Python

Duk wanda ya fara koyon Python ya san inda gajiya ke kama mutum. Ka iya `print`, ka iya `if` da `else`, amma ka rasa abin da za ka gina da su. Shawarar da nake ba irin waɗannan ɗalibai ita ce su rubuta wasan Blackjack na rubutu zalla, babu hoto babu sauti. Ko kwamfuta ba dole ba ce. Manhajar Pydroid 3 ko Termux a wayar Android ta wadatar.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Littafin David Ahl na 1973, mai ɗauke da wasanni 101 cikin yaren BASIC, akwai Blackjack a ciki, kuma masu koyo na wancan zamani da hannu suke kwafe shi layi-layi.

Dokar wasan gajeriya ce. Kati 52 ne. Daga 2 zuwa 10 kowanne makinsa lambarsa, J da Q da K goma-goma, A kuwa ko 1 ko 11. Kana son ka fi mai rabo maki ba tare da ka zarce 21 ba. Shi mai rabo ba shi da zaɓi: zai ci gaba da jan kati har sai ya kai 17. Ka zuba katunan cikin jeri, `random.shuffle` ta cakuɗa su, `pop` ta riƙa zaro ɗaya-ɗaya, `input` ta tambayi ɗan wasa ko zai ƙara ko ya tsaya. Wannan aikin yamma ɗaya ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne katin A. A gwajina na farko na ba shi 11 kawai, sai ga ɗan wasa da A biyu, manhajar ta ce ya samu 22, ya faɗi tun bai taɓa komai ba. Na gyara da `if` guda, ya yi aiki, har ranar da A uku suka haɗu a hannu ɗaya. Maganin shi ne a fara ƙirga kowane A a 11, a riƙe adadinsu, sannan a sa `while`: muddin jimilla ta haura 21 kuma akwai sauran A mai 11, a cire 10. Layi uku ne, amma wanda ya gano su da kansa ya fahimci bambancin `if` da `while` fiye da wanda ya kalli bidiyo goma.

Na san wani zai ce ai wannan caca ce. A gidajen caca haka ne, kuma ba na kiran kowa zuwa can. A nan babu ko sisi. Hasali ma manhajar ce za ta tona asirin harkar. Cire `input`, ka sa ɗan wasa ya kwaikwayi mai rabo, ya tsaya a 17, ka bar su su buga hannu 100,000. Cikin daƙiƙu za ka ga ɗan wasa na asara, alhali dokarsu ɗaya. Dalili? Shi ke fara ja. In ya zarce 21 ya riga ya faɗi, ko da mai rabo ma zai zarce daga baya. Kuma wanda ke da 16 ya ƙara, kala 8 cikin 13 za su kayar da shi.

Irin wannan lissafi Edward Thorp ya yi da kwamfutar IBM 704 a MIT kafin ya fitar da littafinsa Beat the Dealer a 1962. Wayar da ke aljihunka ta fi wannan na'ura ƙarfi nesa ba kusa ba. Canza 17 ɗin ɗan wasa zuwa 15, ka sake gudanar da ita, ka kwatanta sakamakon biyu.