Kujera a Yamai, Ƙuri'a a Damagaram: Jibo Bakari, Zaɓaɓɓen Magajin Gari na Farko a Nijar

A Nijar, idan an ce “magajin gari” a yau, hankali yakan tafi ga shugaban da majalisar gari ta zaɓa, wanda ma'aikatarsa ke ba da takardar haihuwa da ta aure, take kula da kasuwa da tasha da kwasar shara. Amma sunan ya girmi wannan aiki nesa ba kusa ba. Sarauta ce ta gargajiya a ƙasar Hausa, ana samun ta a Sakkwato da Katsina da Zazzau, kuma sarki ne yake naɗa ta. Ɗalibin ginin kalma zai lura da wani abu a nan. “Magaji” ta fito daga aikatau “gada”: an liƙa mata ɗafa-goshin “ma-” da ɗafa-ƙeyar “-i”, sai “d” ta ganɗance ta koma “j”. Ke nan suna ne da aka gina a kan gado, aka ɗora wa muƙamin da ake samu ta akwatin zaɓe. Mutumin da ya fara hawa wannan kujera a ƙasar Nijar ta hanyar ƙuri'a shi ne Jibo Bakari, a watan Nuwamba na 1956. Garin da ya shugabanta Yamai ne, amma ba a iya fahimtar hawansa da faɗuwarsa sai an waiwayi Damagaram.

Dalilin haka yana cikin tarihin garuruwan biyu. Faransawa sun ci Damagaram da yaƙi a Tirmini a 1899, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1906 suka tuɓe magajinsa, Amadu ɗan Basa, bisa zargin ƙulla tawaye, suka damƙa gari a hannun Ballama, wani bāban fada, kuma sarauta ba ta dawo gidanta ba sai 1923, da aka naɗa Barma Mustafa. Duk da haka, daga 1911 zuwa 1926 Zandar ce hedikwatar mulkinsu. Gwamna Jules Brévié ne ya ɗauke ta ya mai da Yamai, wadda a lokacin ba ta wuce ƴan ƙauyuka a bakin kogin Kwara ba. Ƙarancin ruwan sha yana cikin dalilan, matsalar da har gobe mutanen Zandar suka san ta. Akwai kuma kusancin garin da Kano, wadda ke hannun Ingilishi: tsakaninsu bai kai kilomita 250 ba, alhali zuwa Yamai kusan 900 ne. Abin da ya biyo baya shi ne ƙasa mai rabe biyu. Ofisoshi da yawancin ƴan boko suna yamma. Yawan jama'a da gyaɗa, wadda ita ce babbar hajar da ƙasar ke fitarwa, suna gabas, a yankunan Maraɗi da Tasawa da Damagaram. Gyaɗar ma ta jirgin ƙasan Kano take bi zuwa teku, har sai da Faransawa suka tsara wata hanya a shekarun 1950 don karkatar da wani kaso nata ta Dahome.

An haifi Jibo Bakari a 1922 a Sudure, kusa da Yamai. Bazabarme ne, ɗan'uwan Jori Hamani na jini, amma a Tawa ya yi makarantar firamare, cikin Hausawa. Daga baya ya shiga makarantar William Ponty ta Senegal, inda ake horar da malamai da akawuna na dukan Afirka ta Yamma ta Faransa, ya dawo ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas. Da aka kafa jam'iyyar PPN a 1946 ya shige ta, ya zama babban sakatarenta bayan ta haɗe da ƙungiyar RDA ta Houphouët-Boigny. A 1950 Houphouët ya yanke hulɗa da jam'iyyar kwaminis ta Faransa don ya sasanta da gwamnatin mallaka. Jori da Bubu Hama suka bi shi. Jibo ya ƙi, ya rabu da su, ya koma aikin ƙungiyoyin ƙwadago, sannan a 1954 ya kafa tasa jam'iyyar, UDN.

Mutanen da ya tara ba manyan akawuna ba ne. Direbobi ne da ƴan kamasho, da teloli, da masu aikin gidajen Turawa, da ƴan dako, da ƙananan ƴan kasuwa masu kai da komo tsakanin gari da ƙauye. Irin waɗannan mutane sun fi yawa a garuruwan gyaɗa, kuma motocin da suke tuƙawa su ne suka kai saƙon jam'iyyar har inda jarida ba ta zuwa. Su ne kuma suka ba ta sunan da ya binne haruffan UDN, wato Sawaba. Asalin kalmar Larabci ne, inda take nufin abin da yake daidai, amma a bakin Bahaushe ta karkata zuwa ga sauƙi da samun sarari bayan ƙunci. Ba a Nijar ta fara shiga siyasa ba. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 da ita ta yi take, daga nan ne kuma Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta samo laƙabinta. Bature ya fassara ta da “ƴanci”, amma talakan Zango ko na Birni da ya amsa kiran yana jin wani abu da ya fi haka kusa da jikinsa: raguwar haraji, da ƙarshen wulaƙancin dogari da ɗan sanda. Masanin tarihi Klaas van Walraven, wanda ya wallafa babban littafi a kan wannan motsi a 2013, wannan ma'ana ta samun sauƙi ya ɗauka ya sa a sunan littafin.

Yana da kyau a bayyana mene ne sabo a kujerar da Jibo ya nema. Kafin 1955, garuruwan da ke da cikakken ikon zaɓen shugabansu a Afirka ta Yamma ta Faransa suna Senegal ne kawai, su Saint-Louis da Rufisque da Dakar. A sauran wurare, ko da an ce gari yana da majalisa, Baturen mulki ne yake riƙe da muƙamin magajin gari, majalisa kuwa shawara take ba shi. Dokar 18 ga Nuwamba 1955 ce ta sauya haka ga wasu zaɓaɓɓun garuruwa. Jama'a za su zaɓi kansiloli, kansiloli su zaɓi ɗaya daga cikinsu ya zama magajin gari, shi kuma ya riƙe kasafin kuɗi da ma'aikata da rajistar haihuwa da mutuwa da harajin kasuwa. Dokar Defferre ta 23 ga Yuni 1956 ta ƙara da cewa kowane baligi, mace da namiji, yana da ƙuri'a, kuma akwati ɗaya ne ga Bature da baƙar fata. Dahome ta samu irin waɗannan garuruwa da dama, haka Gini da Sudan ta Faransa. Nijar guda ɗaya tak ta samu, Yamai. Zandar, mai ganuwar Sarki Tanimu da fadar da ta yi mu'amala da Borno da Tarabulus, ba ta shiga lissafin ba.

Yamai ta lokacin ƙaramin gari ce. Ko a 1960 mutanenta kimanin 30,000 ne. Amma ƙanƙantar gari ba ta rage wa kujerar daraja ba, domin ita ce wuri na farko da ɗan ƙasa zai sa hannu a takardar hukuma da ikon da jama'a suka ba shi, ba wanda kumandan ya ara masa ba. Shi ya sa manyan ƴan siyasar zamanin duk suka neme ta a garuruwansu: Houphouët-Boigny a Abijan, Modibo Keita a Bamako, Seku Ture a Konakiri, Senghor a Thiès. A Yamai kuwa, gari ne da PPN take gani kamar gidanta. Jibo bai iya cin sa shi kaɗai ba. Sai ya ƙulla ƙawance da BNA, jam'iyyar su Georges Condat da Isufu Saidu Zarmakwai, wadda ƙarfinta yake wajen sarakunan gargajiya. Da kansilolin ɓangarorin biyu suka haɗu, suka rinjayi na Jori, aka zaɓi Jibo.

Wannan ƙawance shi ne tsanin da ya hau, shi ne kuma ramin da ya faɗa. Jam'iyyar da take yi wa talaka alkawarin sawaba daga zaluncin hakimai ta zo ta haɗa kai da jam'iyyar hakiman. Da farko abin ya yi riba. A zaɓen majalisar ƙasa na 31 ga Maris 1957, haɗakar ta samu kujeru 41 cikin 60, PPN ta tashi da 19, yawancinsu a yamma. A watan Mayu Jibo ya zama mataimakin shugaban majalisar gwamnati, ƙarƙashin gwamna Bature, a Yulin 1958 kuma ya zama shugabanta. Cikin wata shida ke nan magajin ƙaramin gari ya zama jagoran gwamnatin ƙasa, da ƙuri'un gabas da na tsakiya.

Sai Janar de Gaulle ya dawo mulki a Faransa, ya sa a yi ƙuri'ar raba gardama ranar 28 ga Satumba 1958: “i” na nufin zama cikin tarayya da Faransa, “a'a” na nufin ƴanci nan take. Jibo, wanda taron jam'iyyar PRA na Kwatano ya riga ya ji shi yana kiran ƴanci ba tare da jinkiri ba, ya zaɓi “a'a”, kamar Seku Ture. Amma Nijar ba Gini ba ce a idon Faransa. Tana iyaka da Aljeriya, inda ake tsakiyar yaƙi, tana kuma jingine da Nijeriya, wadda ake tsoron za ta janye yankin Hausa zuwa gare ta. Aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, ana saura ƴan makonni a yi zaɓe, ya karɓe ragamar da dokar Defferre ta ba ministoci, ya zagaya fadodin sarakuna. Sarakunan da suka shigo ta ƙofar BNA suka fice ta ƙofar da suka shigo, Isufu Saidu na cikin waɗanda suka juya baya. Sakamakon da aka bayyana ya ba “i” kusan kashi 78 cikin ɗari. Adadin da ya fi wannan faɗar gaskiya shi ne na waɗanda suka fito: bai kai kashi 40 cikin ɗari na masu rajista ba.

Jibo ya sauka a watan Oktoba, aka rushe majalisa, aka sake zaɓe ranar 14 ga Disamba. A nan ne Damagaram ta nuna inda take. Duk da matsin gwamna da sauyin sheƙar sarakuna, Sawaba ta ci kujeru 11, a mazaɓun Zandar da Tasawa. Ba a bar mata su ba. An soke sakamakon mazaɓun biyu bisa hujjar maguɗi. Ranar 18 ga Disamba aka shelanta Jamhuriyar Nijar da Jori Hamani a kan gwamnati. (Ranar ce ake bikinta kowace shekara, kuma Zandar ta karɓi baƙuncin bikin a 2018 da taken “Zandar Sabuwa”.) A Oktoban 1959 aka haramta Sawaba, ƙasa ta koma ta jam'iyya ɗaya tun kafin ƴancin 3 ga Agusta 1960. Kujerar magajin garin Yamai ta koma hannun PPN.

Sauran rayuwarsa ta fi tsawo, amma ba ta da haske irin na waɗancan shekaru biyu. Ya yi gudun hijira a Bamako da Akara, daga baya Konakiri. A ƙarshen 1964 mayaƙan Sawaba, waɗanda aka horar a ƙasashe irin su Sin da Aljeriya da Gana, suka tsallako iyaka da zaton talakawa za su tashi tare da su. Ba a tashi ba. An kama da yawa, an harbe wasu a bainar jama'a, an cika gidajen kaso da waɗanda laifinsu bai wuce tsohon katin jam'iyya ba. A Afrilun 1965 wani ya jefa gurneti a filin Idi na Yamai da nufin kashe Jori, bai same shi ba. Adalci ya sa a ce wannan mataki na makami kuskure ne da magoya bayansa na cikin gida suka biya kuɗinsa, shi yana waje. Ya dawo bayan juyin mulkin Seyni Kunce na 15 ga Afrilu 1974, amma a 1975 aka tsare shi bisa zargin makirci, ya yi shekaru a tsare.

Da aka dawo da jam'iyyu da yawa, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993 da sunan Sawaba, yana da shekara 70 da ɗoriya. Bai samu ko kashi 2 cikin ɗari ba. Ƙuri'un da suka taɓa zama nasa a gabas sun samu ɗan gida: Mahaman Usman, haifaffen Zandar, shi ya ci zaɓen. Jibo Bakari ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998. Gadar da aka gina a kan Kwara a Farie tana ɗauke da sunansa.

Kujerar da ya buɗe kuwa ta daɗe kafin ta yaɗu. Sai ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen kansiloli a dukan ƙasa, a ƙananan hukumomi 265. Daga baya Zandar ta samu matsayin birni mai gundumomi biyar, kowace da magajinta, ga kuma majalisar birni a samansu, duka suna aiki a gari ɗaya da fadar Sarkin Damagaram. A watan Afrilu na 2024 hukumomin soja suka rushe zaɓaɓɓun majalisun garuruwa da na jihohi, suka naɗa kantomomi su riƙe su, har da na Yamai da na Zandar.