Datsar Itatuwa a Ƙasar Jibiya

Garin Jibiya yana yamma da birnin Katsina, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar. Wanda ya tashi daga Katsina za shi Maraɗi ta nan zai bi, ya ratsa Magama inda ma'aikatan iyaka su ke, sa'an nan ya faɗa Ɗan Isa a ƙasar Nijar. Ƙasar wurin jigawa ce, ruwan sama bai cika yawa ba, ga kuma iska mai ƙarfi. Saboda haka itace yana da daraja ƙwarai a can. Shi ke tare iska, shi ke ba mutane inuwa da makamashi, dabbobi kuma su sami ganye da rani. Abin da ya ke da wuya shi ne mutum ya ɗebi bukatarsa a jikin itace, amma ya bar shi da ransa.

Sara a jikin itace rauni ne, kamar yanka a jikin mutum. Itace kuwa ba shi da hanyar warkewa sai dai sabon ɓawo ya taso daga gefen raunin ya rufe shi sannu sannu. A gindin kowane reshe, daidai inda ya haɗu da uwar itacen, akwai wani ɗan kumburi kamar wuyan riga. Daga nan ne sabon ɓawon ke tasowa. In an yanke reshe daf da kumburin nan, ba a taɓa shi ba, sai raunin ya rufe. In an shafe shi, rauni ya yi faɗi, ya daɗe a buɗe. In kuwa an bar dogon guntu, sai guntun ya bushe, ruwan damina ya ruɓar da shi, gara ta sami ƙofa. Kafin 'yan shekaru itacen ya yi kogo, wata rana iska ta kayar da shi, watakila a kan ɗaki ko a kan hanya.

Babban reshe ba a yanke shi gaba ɗaya, sai da yanka uku. Da fari a auna kamu guda daga gindinsa, a yanka daga ƙarƙashi har a ci sulusin kaurinsa. Sa'an nan a matsa gaba kaɗan wajen ganye, a yanka daga bisa har reshen ya faɗi. Amfanin yankan farko shi ne, in nauyi ya karya reshen, ba zai yago ɓawo ya tafi da shi har jikin uwar itacen ba. Yanka na uku shi ne na cire guntun da ya saura, daf da kumburi. Masu gaggawa su kan tsallake yankan farko, shi ya sa a kan ga itatuwan bakin hanya da dogon tabo a jikinsu.

Lokacin wannan aiki shi ne rani, kafin iskar bazara ta taso. Ba ya kyautu a ɗebe wa itace fiye da rubu'in ganyensa a shekara guda. Darbejiya tana da haƙuri, ko an yi mata aski sai ta sake toho. Gawo kuwa, in makiyayi ya sa barandami ya yi masa ƙwal, 'ya'yansa za su ragu, dabbobin da aka yi domin su su ne za su rasa.

Manoman Maraɗi, maƙwabtan Jibiya, sun nuna wa duniya abin da datsa mai kyau ta ke yi. A da, in za su yi sharar gona, sai su sare duk tohon da ya fito daga kututture su ƙone. A shekarar 1983 wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya ke aikin dashen itatuwa a can, ya lura kututturan nan ba matattu ba ne, saiwoyinsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aka fara zaɓen toho mafi ƙarfi a kowane kututture, daga ɗaya zuwa biyar, a sare sauran, a sassabe ƙananan rassan waɗanda aka bari har rabin tsawonsu. A kan yi saran daga ƙasa zuwa sama da adda mai kaifi, don kada ɓawo ya yage. Kalgo da sabara da magarya da gawo suka tashi cikin gonaki. Manoma suka raɗa wa dabarar suna sassabin zamani. An ƙiyasta itatuwan da suka tashi ta wannan hanya a Nijar sun kai miliyan 200. Itatuwan nan su ne a gonakin Jibiya, domin saiwa ba ta san iyaka ba.

Kayan aikin da aka gada su ne gatari da adda da zarto. Yanzu kuma akwai zarto mai inji, wanda ke yanka da sarƙa mai haƙora. Wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera mai aiki da lantarki a 1926, da mai shan fetur a 1929. Yawancin masu shan fetur a kan gauraya musu fetur mudu 50 da man inji mudu 1, watau abin da maƙeransu suka faɗa. Akwai kuma wani mai dabam na sarƙa, wanda in ya ƙare sarƙar ta yi zafi ta lalace.

A wuri irin Jibiya babban abokin gaban injin nan shi ne ƙura. Ƙurar hunturu ta kan toshe matatar iskarsa, saboda haka a kan kakkaɓe ta kowace rana bayan aiki. Rairayin da ya maƙale a ɓawo kuma yana dakushe haƙora da sauri. Gane haka ba wuya: sarƙa mai kaifi ɓarɓashi ta ke zubarwa, dakusasshiya kuwa sai gari mai laushi. In an ga gari sai a kashe inji, a wasa haƙoran ɗaya ɗaya da magagari. Sarƙa ta kan saki in ta yi zafi, amma a bari ta huce kafin a ɗaure ta, don kada ta tsuke ta yi wa inji lahani.

Injin nan ba abin wasan yara ba ne. Mai aiki da shi ya kan riƙe shi da hannu biyu, ba ya ɗaga shi bisa kafaɗarsa, ba ya kuma barin bakinsa na gaba ya taɓa itace, gama in ya taɓa sai ya yi tsalle ya komo kan mai shi. Yara su tsaya nesa har reshe ya faɗi, an kashe inji. Reshen da ya kusanci wayar lantarki kuwa, sai a kira ma'aikatan wuta.