Mai Tace Hoto Da Amanar Harshe: Abin Da Na Gani A Mai'adua

Duk wanda ya saba zama har ƙarshen fim ɗin Hausa, lokacin da sunaye ke hawa bango bayan jama'a sun fara watsewa, zai ga an rubuta "tace hoto", sannan sunan wani bawan Allah da ba a taɓa ganin fuskarsa a fasta ba. Kalmar ta daɗe tana ba ni sha'awa, domin da ita muke kiran aikin hukumar da Gwamnatin Jihar Kano ta kafa a shekarar 2001, wato Hukumar Tace Finafinai. Ga mai zama gaban kwamfuta yana yanka da haɗawa, ga kuma jami'in da ke duba abin da ya saɓa wa addini da al'ada, dukkansu Bahaushe ya ce tacewa suke yi. Bature ya raba ayyukan biyu da kalmomi daban-daban, mu kuwa muka ɗauko rariya daga madafi muka miƙa wa kowannensu. Ban ga laifin hakan ba. Abin da na gani shi ne, mun shafe shekaru muna cacar baki a kan mai rariya na biyu, na farkon kuwa, wanda maganar kowane jarumi ke bi ta hannunsa kafin ta iso kunnenmu, ba mu ko waiwaye shi ba.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon tunani shi ne wata ziyara da na kai Mai'adua a ranar wata Lahadi, ranar kasuwa. Bayan na gama abin da ya kai ni, sai na raka wani ɗan'uwa shagon wani matashi domin karɓar bidiyon bikin 'yarsa. Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Ga kwamfutar cinya guda, ga batirin sola, ga kuma samari sun yi layi da wayoyinsu ana tura musu finafinai. Daga cikinsu akwai waɗanda suka ƙetaro ta Kongolam daga wajen Matamaye da Damagaram. An rufe iyakar nan a 2019, an sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, amma fim ɗin da ke cikin memori bai taɓa tsayawa a shinge ba.

Yaron gwani ne, ban rage masa komai ba. Ya daidaita haske, ya sa yankan hoto ya faɗa daidai da bugun kalangu, har na yi mamakin jin cewa bai taɓa shiga ajin koyon wannan sana'a ba. A waya ya koya, sai kuma ɗan zaman da ya yi wajen wani maigidansa a Kano. Amma da rubutu ya bayyana a kan hoton, sai na ga an sa "Manyan baki daga kasar Nijar". Na ce masa, "Samari, bakin wa ka gani ya yi girma haka?" Ya yi dariya, ya ce, "Malam, ai na san baƙi ne, in na sa mai lanƙwasar sai akwati ya fito." Ya gwada a gabana, kuma gaskiyarsa: a gurbin ƙ sai ga ɗan murabba'i fanko.

To, mai karatu, matsalar ba ta kwamfuta ba ce, ta samfurin haruffan da ya zaɓa ce. Baƙaƙen nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sun shiga rubutun boko tun cikin shekarun 1930, zamanin Dokta Rupert East a Zariya, da su kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yi tashe bayan fitowarta a watan Janairun 1939. Suna cikin tsarin Unicode da kowace kwamfuta ke aiki da shi a yau. Sai dai yawancin haruffan ado da masu tace hoto ke so, masu zanen su ba su san da Hausa ba, saboda haka ba su zana waɗannan uku ba. Akwai samfuran da suka ƙunshe su, kuma kyauta ne, kamar Noto na kamfanin Google da Charis da Andika na cibiyar SIL. Cikin 'yan mintoci muka sauke guda, baƙin suka koma baƙi. Shekara nawa ke nan ana sayar mana da finafinai masu ɗauke da "kasa" a maimakon "ƙasa", da "bata" a maimakon "ɓata", alhali maganin bai kai kuɗin katin waya ba?

Idan aka dubi tarihi, sai a ga wannan sakaci gado ne. Lokacin da Adamu Halilu ya shirya Shaihu Umar a 1976, da almakashi da gam ake tace fim, kuma sai wanda ya sami horo ke taɓa shi. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, aka shiga zamanin kaset, inda ake haɗa na'urar bidiyo biyu ana kwafa daga wannan zuwa waccan, in an yi kuskure a tsakiya sai a sake daga nan. Zuwan kwamfuta da manhajoji irin su Adobe Premiere ya sauƙaƙa aikin, ya kuma buɗe ƙofa ga duk mai sha'awa. Yau ga DaVinci Resolve da ke da nau'in kyauta, ga CapCut a cikin wayar kowane yaro. Kayan aiki sun yi arha, horo ne bai biyo su ba. Cibiyar koyar da aikin fim ta ƙasa tana Jos, kuma ƙauyen fim da Gwamnatin Tarayya ta yi niyyar ginawa a Kofa ta Jihar Kano a 2016 an soke shi bayan sukar da ya sha. Ko da an gina shi ma, ina tantamar a ce an tanadi malamin Hausa a cikinsa.

Rubutu ma ƙaramin al'amari ne a kan abin da almakashin mai tace hoto ke yi wa magana. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma jimlar Bahaushe sautinta sauka yake yi a hankali tun daga farko har ƙarshe. Idan aka yanko rabin jimla daga ɗauka ta farko, aka liƙa mata rabi daga ɗauka ta uku, kunnen mai harshen zai ji muryar ta yi tsalle ko da bai san dalili ba. Haka nan gaisuwa. A zamanin faifan sidi, lokacin da ake ja wa labari rai domin ya cika kashi na ɗaya da na biyu har zuwa na huɗu, sai a bar mutum biyu suna "ina gajiya, ina aiki" har mai kallo ya gundura. Yanzu da aka koma YouTube, ana tsoron kada mai kallo ya gudu, sai a datse gaisuwar ɗungurungum, ka ga suruki ya faɗo ɗakin surukinsa ya kama magana kamar wanda aka koro. Edita mai kunne ya san cewa shirun da budurwa ke yi kafin ta amsa wa mahaifinta shi ne amsar, in ya yanke shi ya sauya halin yarinyar. Ya kuma san dabarar barin muryar mai sallama ta riga hotonsa shigowa, wadda ta dace da mu ƙwarai, tun da a gidan Bahaushe sallama ake ji kafin a ga mai ita.

Sai batun fassarar Turanci da ake sawa a ƙasan hoto, wadda ta daɗe da zama abin dariya a tsakanin 'yan boko. Ni dai na daina dariyar. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Labarina suka sami masu kallo a wajen ƙasar Hausa, wannan rubutu ya zama fuskarmu ga wanda ba ya jin harshen. Aiki ne mai ƙa'ida: layi biyu kacal a lokaci guda, kuma Netflix ba ta yarda layi ya wuce harafi 42 ba. Cusa karin magana a wannan ɗan fili aikin masanin fassara ne, amma sai a jibga wa mai tace hoto shi da tsakar dare, ba tare da ƙarin ko sisi ba. Masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, irin su Algaita a Kano, sun nuna cewa harshe kaɗai yana iya sayar da fim. Duk abin da za a ce game da ingancin fassararsu, sun ɗauki magana a matsayin jari.

A nan dole in juya yatsa gare mu malaman jami'a. Mun fitar da littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa a 1990, Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, amma yaron Mai'adua bai sami ko 'yar takarda mai shafi goma daga gare mu da za ta gaya masa inda ake raba kalma, ko ta bayyana masa cewa abokan cinikinsa na tsallaken iyaka da ƴ suke rubuta abin da mu muke rubutawa da 'y ba. Sassan Hausa na jami'o'in Katsina da Kano da Zariya da Sakkwato na iya shirya bitar kwana uku ga masu wannan sana'a, a Daura ko a Katsina, a haɗa su da ɗalibanmu masu neman aikin fassara. Furodusoshi kuma su ware kuɗin mai duba rubutu kamar yadda suke ware na mai kwalliya.

Kafin mu bar shagon, yaron ya tambaye ni ko "ko ina" ake rubutawa ko "ko'ina". Na ce masa a haɗe, da alamar hamza a tsakiya. Ya rubuta a bangon shagon da alli, kusa da lambobin masu bin sa bashin fetur na janareta, ya ce in na sake zuwa kasuwa in taho masa da sauran.