Akwatin takawa ko manhajar salula: wanne ya dace da mai kaɗa jita don nishaɗi?

Duk wanda ke shiga layin masu sayar da kayan lantarki a kasuwar Maraɗi ko ta Birnin Ƙonni, ko ya tsallaka Jibiya da Illela, ya san cewa yanzu samari kan zo tambayar kayan jita. Kiɗan Abzinawa irin na su Bombino da Mdou Moctar ya shiga kunnen matasa, kuma yawancin masu tambayar ba makaɗan sana'a ba ne. Yara ne da ke taruwa a fada da maraice, ana shayi ana kaɗawa. Matsalarsu ɗaya ce: jitar lantarki ba ta da murya sai an haɗa ta da amfilifaya, kuma manyan amfilifayoyi irin na Fender da Marshall ga tsada ga nauyi.

Dalili ke nan da ya sa masana suka ƙirƙiro dabarar kwaikwayon muryar waɗannan amfilifayoyi ta hanyar lissafin kwamfuta. A 1998 kamfanin Line 6 na Amurka ya fito da wani jan akwati mai siffar ƙoda da ake kira POD. A 2002 wani kamfanin Italiya ya fito da manhajar AmpliTube, sai Guitar Rig daga Jamus a 2004. A 2010 kuma aka samu iRig, ƴar na'urar da ke haɗa jita da iPhone. Yau har akwai manhajar Neural Amp Modeler da ake saukewa kyauta. To wanne ɗan kasuwa zai saro, wanne kuma zai ba yaro shawara ya saya?

Mai karatu ya sani, akwatin da ake takawa da ƙafa shi ma ƴar kwamfuta ce a ciki. Saboda haka a wajen daɗin sauti, kunnen mai kaɗawa a fada da wuya ya raba su. Bambancin yana wani wuri.

Na farko shi ne jinkiri. Idan ka taɓa tsirkiya, sautin sai ya shiga na'ura, a sarrafa shi, sannan ya fito. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, wato mita ɗaya na cin kusan kashi 3 cikin 1000 na daƙiƙa. Idan jinkirin na'ura ya haura kamar kashi 10 cikin 1000, hannun makaɗi yakan fara ji, kamar mai magana a rediyo da muryarsa ke dawo masa a makare. Mu ma'aikatan rediyo mun san wannan azaba, takan sa mutum ya yi ta in'ina. Akwatin takawa an gina shi ne don wannan aiki kaɗai, jinkirinsa kaɗan ne. Salular da ta cika kasuwanninmu kuwa, irin su Tecno da Itel, tsarin Android gare su, kuma an daɗe da sanin cewa iPhone ta fi yawancin wayoyin Android saurin sarrafa sauti. Babban kuskure shi ne a haɗa da lasifikar Bluetooth ɗin nan da kowane tebur ke sayarwa. Jinkirinta yakan kai kashi 100 cikin 1000 ko fiye, ba wanda zai iya bin kiɗa da ita. Sai dai lasifika mai waya.

Sai batun wuta. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba a mayar ba sai Maris na 2024. Ƙaramin amfilifaya Micro Cube na kamfanin Roland, wanda ya fito a 2004, batir shida ƙanana yake ci, kuma da lasifikarsa a jiki. Akwatin Zoom G1 Four batir huɗu ne, amma shi sai an nemo masa lasifika ko abin sawa a kunne. Salula kuwa ita ce ta kira, ita ce ta aika kuɗi, kuma ana tsakiyar kiɗa kira zai shigo ya katse komai.

Ban ce manhaja ba ta da amfani ba. Wanda ya riga ya mallaki kwamfuta kuma yana son ɗaukar waƙa, ita ta fi masa sauƙi, muddin ya sayi ƴar na'urar haɗi, domin jita ba ta yin kyau idan aka cusa ta kai tsaye a ramin makirfo. Kuma ta salula da katin ajiya ne faifan Anar, wanda Mdou Moctar ya ɗauka a Sakkwato a 2008, ya zagaya Sahara. Amma ɗaukar waƙa daban, zaman fada daban. A ganina, mai kaɗawa don nishaɗi akwati ya fi masa.

Ga ɗan kasuwa ma lissafin a fili yake. Akwati kaya ne, ana iya sayar da shi hannu na biyu idan yaro ya gaji ko buƙata ta taso. Manhajar kuɗi kuwa da katin banki ake saye ta intanet, tana rataye da sunan mai saye, ba a kasa ta a tebur. Ta satar da ake turawa a wayoyi kuma sau da yawa takan zo da cutar kwamfuta.

Wanda zai saro na gwanjo ya kula da abu biyu. Kayan da aka yi don Amurka wutar 110 zuwa 120 suke ci, tamu kuwa 220 ce zuwa sama, a karanta rubutun jikin adafta kafin a jona. Sannan yawancin akwatunan takawa, kamar na Boss, wuta 9 suke so, kuma tsakiyar bakin adaftarsu mai alamar ragi ce, akasin adaftar kayan gida da yawa. Idan aka sa ta wani abin, akwatin na iya ƙonewa. A ajiye jita ɗaya a shago, a taka kowane maɓalli, a murɗa kowane makunni a gaban mai saye, domin ƙurar hunturu takan shiga ciki ta sa su ƙarar ƙaiƙayi.